Sabbin Idanun Motar Yazidu

A tashar Gaya, in ka ce kana neman Yazidu, sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Yazidu mai Ƴar Dendi, ko mai tallar ƙanƙara za ta nuna maka shi: ga shi can, gajere mai farin gemu, yana shafa jikin wata tsohuwar Hiyas kamar mai lallashin amarya. Ƴar Dendi ita ce motar. Ba wanda ya san ainihin launinta na asali, don kowane mai fenti a garin ya taɓa sa mata hannu.

Mahaifin Yazidu mai kwale-kwale ne, yana ƙetarar da mutane kogi, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Sai Allah ya yi yaron da tsoron ruwa. Ranar da aka fara saka shi cikin jirgi, kukan da ya yi har mutanen wancan ƙetaren sun ji. Da ya tasa sai ya bi kamyo, manyan motocin kaya masu zuwa Kwatano, ya ci baƙar wuya, ya kwana ƙarƙashin tirela, ya sha zagin iyayen gida, har ya iya tuƙi. Da ƙarfi ya fara ja baya, ya tattara abin da ya tara ya sayi Ƴar Dendi, ya dawo gida ya kama layin da ba mai so a lokacin.

Layin kuwa shi ne na asuba. Ran jajibirin kasuwar Gaya yakan tafi Yelu da rana ya kwana, ya taso tun da duhu, ya biyo hanyar burji ta wajen Bana, yana tsayawa tunga-tunga. Mutanen Yelu suna da motocinsu. Shi nasa fasinjan na hanya ne, kuma kusan duka mata: masu rake, masu rogo, masu gishiri, masu busasshen kifi. Jagorarsu Balki, wata ƙatuwar mata mai murya kamar ta maza biyu, taubashiyarsa ce, don haka ba ta taɓa gaishe shi ba tare da ta tsokane shi ba. Da shekaru suka tura, layin da aka raina ya zama abin kwaɗayi, samarin direbobi suka fara zuba masa ido.

A nan ne matsala ta shigo. Idon Yazidu da rana lafiya lau, amma da duhu ya yi sai hanya ta zame masa kamar an shafe ta da toka. Shi dai bai taɓa yarda ba. Laifin fitila ne, in ji shi. Gaskiyar magana, shi da fitilar duk sun gaji, don hasken Ƴar Dendi ja ne, mai rauni, aci-balbal ma ta fi shi kuzari. Wata asuba ya afka wa amalanken rake. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, jakin ma ya tashi ya kakkaɓe kunne, amma labari ya riga motar isa tasha.

Alfari, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya kira shi gefe. Mutum ne mai kunya, kuma Yazidu ya girme shi, sai da ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga magana. Ya ce rayukan mutane ba abin wasa ba ne, ya ce in aka sake samun irin wannan, ko aka sake kawo ƙara, dole ya ba wani yaro layin asuba. Yazidu ya ji kamar an ce ya saki matarsa. Layin nan shi ne cinsa, shi ne kuma hirarsa da mutuncinsa. In an raba shi da shi, sai zaman benci a tasha yana kallon masu tafiya.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai garejin Alassan mai gyaran wutar mota. Alassan ya saurare shi, bai ce komai game da ido ba, don ya san abin da ba a faɗa wa dattijo. Sai ya shiga ciki ya fito da wani ɗan kwali. A ciki akwai ƙwan fitila, ampul biyu da Yazidu bai taɓa riƙe irinsu ba, ba gilashi, ba zare, sai wani ɗan ƙarfe mai fanka ƙarama a gindi. Alassan ya ce sunansu led, irin waɗanda ke cikin manyan motocin da ake fitowa da su daga tashar jirgin ruwa. Ya ce ba sa cin batir, kuma in an kunna su, dare sai ya nemi wurin ɓuya.

Yazidu ya wuni a garejin, ya ƙi ko zuwa cin abinci. Alassan ya fara da goge murfin fitilun, waɗanda suka yi jawur kamar haƙoran mai cin goro, ya bi su da sanfefa mai laushi da ruwa har suka yi garau. Sannan ya cire tsofaffin ampul, ya zura sabbin, yana juya su a hankali don ƙwayoyin hasken su kalli dama da hagu. Ya ce in aka sa su a karkace, hasken sama zai tafi, ya makantar da mai zuwa, shi kuma direba bai ga ƙasa ba. Yazidu yana tsaye a kansa, yana ba da shawara kan aikin da bai san komai a kai ba.

Bayan magariba aka juya hancin motar ta fuskanci bangon gareji. Alassan ya ce a kunna. Yazidu ya yi bisimilla ya murɗa.

Bango ya yi fari fat. Wata tsaka da ke maƙale a jiki ta daskare, ana ganin har yatsunta. Masu kabu-kabu da ke wucewa suka ja birki, mai shayin gefe ya bar ruwansa yana tafasa ya taho. Yazidu ya fito daga mota, ya je gaban hasken, ya dawo, ya sake komawa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna, har Alassan ya roƙe shi ya bari a daidaita tsayin hasken da sukurudireba. Daren nan ya zaga da motar unguwa-unguwa ba tare da yana da inda za shi ba. Ya haska ƙofar gidansa, ya haska ta surukansa, ya je ya haska ta Alfari ya danna odar mota har mutumin ya fito da zane a kafaɗa. Rabon da Yazidu ya ji daɗi irin wannan tun ranar da ya karɓi makullin motar.

Asubar kasuwa ya taso daga Yelu yana ji da kansa. Kai, ashe haka hanyar nan take! Ramukan da ya shekara yana sani da ƙashin bayansa, yau ga su yana ganinsu tun daga nesa. Ga giginyu a jere, ga zomo ya gilma, ga idon wata mujiya a kan reshe. Ya kama waƙa, ya taka mota, yana ta ƙissima irin ihun da matan za su yi, da yadda Balki za ta rasa abin tsokana.

Tunga ta farko ba kowa. Ya ce ko an yi rasuwa. Ta biyu ba kowa. Ya yi oda, shiru. A gindin tsamiyar da Balki ke jira, ko kaza babu. Haka ya shigo Gaya da mota wayam, haske kamar na fadar shugaban ƙasa, ba ko daurin rake ɗaya a sama.

Kafin azahar waya ta ishi Alfari. Matan sun kawo ƙara cewa Yazidu bai zo ba sam, sun yi ta jira har rana ta fito, wasu sun hau amalanke, wasu kayansu sun rasa kasuwa. Yazidu ya rantse ya zo, su ma an ce sun rantse bai zo ba. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ɗauka wani yaro ne ya zagaya ya janye masa su, aka haɗa baki don a kore shi. Fushi ya hana shi kiran Balki, ita ma fushi ya hana ta kiransa. Alfari ya dafa kafaɗarsa ya ce ƙara dai an kawo, amma zai kau da kai sau ɗaya. Kasuwa mai zuwa, in motar ta sake shigowa ba kowa, ba sauran magana.

Da kasuwa ta zagayo, Yazidu bai yi waƙa ba. Ya taho a hankali, ya ƙura wa gefen hanya ido. Tunga ta farko da ta biyu, shiru kamar wancan karon. Da ya doshi tsamiyar Balki, sai hasken ya kamo masa abin da tsohuwar fitila ba za ta taɓa nuna masa ba: silifa ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya, gammo a yashe, da bakin wani jan zane yana shigewa cikin gonar rake. Raken kuwa sai kaɗawa yake, alhali ba iska.

Ya taka birki. Sai dariya ta ƙwace masa har ya kifa kai a kan sitiyari. Shi da ya tsufa a bakin iyaka, yaya aka yi ya manta? A hanyar nan, farin haske mai ƙarfi da asuba ma'anarsa ɗaya ce, motar masu sintiri. Matan nan kuwa, kowace a ƙarƙashin rogonta akwai ɗan abin da ya ƙetaro daga wancan gefen, sabulu ne, ko sukari, ko turmin atamfa, kuma ba mai son doguwar tambaya da sassafe. Shekara da shekaru jan hasken Ƴar Dendi suke hangowa su fito da kaya. Da suka hango fari, suka kwashi kwanukansu suka ranta a na kare.

Ya yi kira daga cikin mota, ba wadda ta motsa. Sai ya fito, ya zagaya ya tsaya tsakiyar haskensa, ya cire hula, ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka kama.

"Balki! Ke Balki! Hito, ni na, Yazidu! Ku dubi gemuna!"

Rake ya yi tsit. Can sai ga kai ya leƙo, sai wani, sai wani. Balki ta fito ƙarshe, ƙafa ɗaya ba takalmi, laka har gwiwa, kwano a ka, tana huci.

"Amma kai dai anka yi tsohon banza," in ji ta. "Wa ya aike ka? Wancan sati ma kai na ka sa muka laɓe cikin sauro? Ni da jikoki, ka sa ni gudu cikin hwadama!"

"To ke da kin ce ba ki tsoron kowa?"

Wurin ya kaure da shewa. Matan suka kewaye motar, suna sa tafin hannu gaban fitila, suna duba zanensu cikin hasken, wata har da gyara ɗaurin kallabi. Balki ta ciro waya daga lalitarta ta kira na tungayen baya ta ce su fito, ba kowa ba ne, taubashinta ne ya yi sabbin idanu. Yazidu ya juya ya kwaso su, aka lafta kaya har motar ta durƙusa. Balki ta ce maganar Alfari a bar mata, ita ta kai ƙara, ita za ta je ta janye, kuma duk yaron da ke son layin nan sai ya fara biyowa ta kanta.

Ta shiga gaba ta zauna inda ta saba zama. Aka kama hanyar Gaya, baya ana ta hira da dariya. Sun yi nisa kafin Yazidu ya lura da cewa wani abu ya ɓace a motar. Kullum daga tsamiya har gari bakin Balki ba ya hutawa: rami nan, taubashi, jaki ga hagu, rage, akwai mai keke. Shi kuwa kullum yana ce mata ta cika surutu, ita ba direba ba. Bai taɓa tambayar kansa abin da ya sa mace mai jikinta take matsuwa a kujerar gaba kusa da zafin inji ba, ko abin da ya sa ranar da ya bugi amalanke ta zama ranar da zazzaɓi ya hana ta fitowa.

Can gaba wani amalanken shanu ya bayyana, ba fitila, ba komai. Yazidu ya hango shi tun da nisa, ya kauce masa cikin natsuwa, ya juyo don ya yi mata burga. Balki ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, tana barci, har da minshari.

Kunya da godiya suka haɗu suka cika masa ido da ƙwalla. Ya sa hannun riga ya share, don yanzu ba mai duba masa hanya sai shi. Ya waiwaya ya yi wa na baya alama su rage murya, ya sassauta gudu, ya riƙa bin gefen kowane rami a hankali don kada ta farka.