Lavdie Shkurti da Yashin Teku

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, ’yarki Blerta ta kira ni ta ce Allah Ya yi miki rasuwa a gidanki na garin Kavaja. Ina tsaye gaban injin da muke murƙushe curin kankare da shi don auna ƙarfinsa. Na kashe shi, na nemi wuri na zauna. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Teta Lavdie, wato Gwaggo Lavdie, kowa ke kiranki a ɗakin gwajinmu, har waɗanda suka girme ki. Shekara goma sha tara muna aiki tare, ban taɓa ganin kin yarda da yashi ba sai kin ɗora shi a harshe. Mu yi ta dariya, ki ce, “Ku ci gaba da washe baki, ni dai na ji gishiri.” Ke kika koya mini cewa yashin teku ba ya tona kansa ranar gwaji. Kankaren zai yi ƙarfi, kowa ya tafa. Sai daga baya gishirin ya ci rodin da ke ciki, tsatsa ta kumbura, ginshiƙi ya tsage. Faɗa gare ki, ba na musu. Amma da matata ta kwanta asibiti, wata biyu cur kina aiko wa yarana miyar wake da burodi, ba ki taɓa bari na yi godiya ba.

Bara aka kawo mana curi shida daga sabuwar makarantar firamare, masu kyau kamar na ado. Kyawunsu ne ya sa kika tsargu. Kika ɗauki injin huda bango, kika je wurin ginin da ƙafarki, kika ciro samfuri daga ginshiƙan. Gishiri ne fal. Kika ƙi sa hannu a takardar amincewa da ginin.

Manyanmu na wurin aiki suka ce tsufa ya taɓa miki kai. Suka mayar da ke ɗakin ajiyar takardu, can ƙasa inda danshi yake, ga ki da ciwon ƙirji. Kujerarki suka ba ni, ni kuwa na karɓa, na yi shiru. Wannan shirun yana cina, Teta, kuma kin tafi ban nemi yafiyarki ba.

Ranar ukunki ɗan kwangilar da ya gina makarantar ya zo gaisuwa. Ya sha kofi, ya yi addu’a, a bakin ƙofa ya kama hannuna.

“Ermal, ɗan’uwa, tsohuwa ta huta. Kai ai mai hankali ne, ga iyali. Litinin mu zauna.”

Ban amsa masa ba, saboda gidan makoki ne. Ga amsar a nan, inda kowa zai karanta. Yara ɗari huɗu ake so a zuba cikin ginin nan a watan Satumba, a ƙasar da girgizar ƙasa ba ta yi mana sallama. Na sake gwajin sau uku, abin da kika samu shi na samu. Ba zan sa hannu ba. In ɗakin ƙasa ne, na san hanya. In kora ce, ku hanzarta, don kwafin sakamakon ya riga ya isa hannun iyayen yaran.

Ina miƙa ta’aziyyata ga Blerta, da ƙaninta Gentian, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Teta Lavdie, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya yafe mini jinkirin da na yi, Ya riƙe hannuna ranar Litinin.

Ermal Dervishi