Su bar mana wuri a jikin tutar

"Wannan rubutun da aka ɗinka a jiki fa?" Inna ce ke tambaya, ta manna wayata a ido.

Ƙanena Sani soja ne. Jiya ya turo mana hoton tutar da aka miƙa wa bataliyarsu a fareti, sannan ya kira mu nan Tafoki yana ta murna.

Ya ce, "Sunayen wuraren da muka yi yaƙi muka ci nasara ne, Inna."

"Akwai dajinmu?"

Sani ya san tun da 'yan bindiga suka tare hanya, Inna ba ta sake taka gonarta ta bakin daji ba.

"Babu tukuna."

"To ka hwaɗa ma manyanku kar su cike ta, su bar muna wuri. Irin gerona na nan cikin rumbu, ban ci ba, ban saida ba."

Yau da safe na tarar tana shanya irin. Ni kuma na ɗauki garmarmu na kai maƙera.

Mutanen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, wane suna kuke jiran a ɗinka a tutar nan?