Yawon Arba'in a Jar Mota

Ina da tsohon ciki jar motar ta shigo gidanmu. A shekarun farko ne bayan ƙasa ta samu mulkin kai, Turawa suna ta ɗaure kaya. Wani daga cikinsu, mai aikin awon hanyoyi, ya ga ba zai iya komawa da motarsa ba, maigidana kuwa, da ke aiki a biro, wato ofis, a Dogon Dutsi, ya daɗe yana satar kallonta. Ranar da ya kawo ta, tun daga bakin kasuwa na ji rurinta, kajina suka watse.

Ban taɓa ganin irinta ba. Gajeriya ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa, hancinta dogo, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Kujeru biyu kacal. Maƙwabciyata, wata Kirista mai ɗinki da keke, ta leƙo ta kan darni ta ƙare mata kallo.

"Madam," ta ce, "wagga ai takalmi ce anka yi ma ƙafafu. Ina za a sa dangi? Ina za a sa tukunya?"

Maigida ya yi dariya ya ce ba ta ɗaukar tukunya ba ce, ta gudu ce. Ya kuma gaya mana abin da Baturen ya faɗa masa: in aka cika tankinta a Yamai, za ta zo Dutsi har da saura. Wannan magana ya riƙe ta kamar karatun allo. Duk wanda ya zo kallon mota sai ya ji ta.

Ni abin da na ji a ciki daban ne. Garinmu yana can gaba da Tibiri, kudu da Dutsi, bai kai nisan Yamai ba ko kusa. Na ce a raina ashe gida ya matso. Ban haihu a ɗakin Inna ba kamar yadda aka saba, don maigida ya fi son asibiti, Inna kuma idonta ya fara yana, ba ta iya doguwar tafiya. Gwaggona ce ta zo ta yi mini wanka. Da za ta koma, maigida ya raka ta har tasha, ya ce ta gaya wa Inna yawon arba'in a mota za a yi shi, za a kai mata jikanta har ƙofar gida.

Arba'in ta zo ta wuce ba mu tafi ba.

Man mota, isansi kamar yadda muke cewa, kanti guda ne ke sayar da shi a garin, daga tano, wato ganga, da famfon hannu. Babbar mota ke kawo shi daga nesa, wani lokaci ta yi jinkiri, in ta zo kuma motocin gwamnati ne a gaba, saura a raba wa masu jira. Daga Dutsi zuwa garinmu babu inda za ka samu ko ɗigo. Ke nan sai da man zuwa da na dawowa za a tashi. Maigida ya ce mu tara. Duk zuwan babbar mota ya samo ɗan abin da ya samu ya zuba a tanki.

Sai dai shi ɗan mai doki ne. A gidansu ya tashi yana ganin mahaifinsa na fitar da doki kilisa kowace yamma, don kada ƙafarsa ta yi tsami. Haka ya ɗauki motar. Bayan la'asar ya wanke ta, ya tayar da ita, ya bar ta tana gurnani har ta yi ɗumi, ya taka ta sau biyu sau uku don a ji muryarta, sannan ya fita da ita. Ya zaga ta gindin dutsen, ya biya ta wajen abokansa, ya ɗauki ɗaya ya sauke ya ɗauki wani, tun da mutum guda take ɗauka. Kafin magariba ya dawo yana murmushi, ya ce ta motsa jini.

Na yi kwaleji a Yamai kafin aure, na san abin da allurar nan ta gaban direba ke nufi. Da safe in ya tafi biro da ƙafa, don ba ya son ta sha rana a can, nakan ɗaga tamfol in murɗa makulli in duba. Allurar ta hau ranar da mai ya zo, ta yi ta sauka har zuwan na gaba. Wata rana ko ba a fita ba sai in ji warin man ya cika rumfa, zafin rana na shan nasa rabo. Sau ɗaya na ce masa ko za a rage kilisar nan. Bai yi fushi ba. Ya ce mini irin wannan mota in ta zauna lalacewa take yi, kuma ɗan zagayen gari me zai ci? Wadda ke zuwa daga Yamai har da saura?

Abin da ban hango ba shi ne motar za ta rufe mini sauran hanyoyi. Kafin ta zo, in ina son gida, motar 'yan kasuwa nake hawa, a kan buhuna, cikin mata da awaki, a sauke ni a Tibiri in ƙarasa da ƙafa. Yanzu da na ambaci haka sai fuskarsa ta canza.

"Ki hau bayan kamyo da jinjiri, mota na ajiye a gidana? Mi za a ce da ni a biro? Mi za a ce da ni garinku? Na riga na yi ma Inna alkawari. Ki yi haƙuri, wata mai zuwa."

Na yi haƙuri. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa, kuma har cikin zuciyarsa yana ganin wata mai zuwa za a tafi.

Zaman ya yi mini tsawo. Matan unguwa suna ganin girmana fiye da yadda nake so. Da can ma "Madam" suke ce mini saboda lakwal, karatun bokon da na yi, da mota ta zo kuma suka ƙara ja baya. In sun haɗu daka nakan ji tashin taɓarya da shewarsu, amma in na fita sai hira ta koma gaisuwa. Mai ɗinkin nan kaɗai ke shigowa, ita ma aiki ya yi mata yawa. Wuni nake yi ni da yaron da motar a rumfa. In na idar da sallar azahar nakan daɗe a kan tabarma, in yi wa Inna addu'a, in kalli yaron yana wasa da ƙafarsa, in ce masa ka san kana da kaka?

Labarin Inna yana zuwa a bakin matan da ke kawo gyaɗa ranar kasuwa. Da fari suka ce tana gane mutum in ya matso. Da damina ta faɗi suka ce ta daina tsince hatsi. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna a ƙofar gida ta ce, "Innarki tac ce in gaya miki, ba ta son turmin zane ba ta son goro. A kawo mata mijin nata ta gan shi tun da sauran haske." Ranar ban iya cin tuwo ba. Yaron ya riga ya fara rarrafe.

Da damina babu zancen tafiya, hanya ta cika da ruwa. Sai da aka fara yankan hatsi maigida ya shigo wata yamma ya ce tanki ya cika, ga kuma bido guda, galan cike da mai, da zai soke a bayan kujera. Kwana biyu bai yi kilisa ba, na shaida masa wannan. Muka tashi bayan asuba, yaron a cinyata, ƙunshin tsaraba a ƙarƙashin ƙafata.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar ya yi daɗi. Inda hanya ke da tsakuwa mai tauri, motar ta miƙe kamar ba ta taɓa ƙasa. Iska ta fizge mini kallabi, yaron yana ƙyalƙyala dariya, gonaki suna wucewa da damman hatsi a jingine. Maigida ya dube ni ya ce, "Kin gani?" Na gani. A nan allurar ma kamar ba ta motsi. Na fahimci Baturen bai yi ƙarya ba, irin wannan hanya yake nufi.

Da muka gangara kwari sai rairayi. Motar ta fara nishi. Ya sa mata ƙaramin giya, tana ruri kamar za ta tsage, amma tafiyar ba ta fi ta jaki ba. Cikinta na gogar tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya. Ta kafe, manoma suka tura. Ta sake kafewa, ya yi ta taka ta, tayoyi na watsa ƙasa. Ni idona na kan allura. Yanzu ana ganin saukarta da ido. Kafin hantsi, ya juye bidon a tanki. Da rana ta take, a gindin wani gawo, ya kashe ta. Kurciya na kuka a kan gawon.

Ya dafa sitiyari.

"In munka ci gaba," ya ce, "za ta kai mu Tibiri, ƙila. Amma ba ta dawowa. Abin da ya rage iyakarshi ya maishe mu Dutsi."

Na ce, "To."

"Za mu koma. In sake tarawa. Wannan karo na san yadda take sha."

Na kalli yaron, ya yi barci, gumi a goshinsa. Na san in na koma, wata mai zuwa za ta sake zama wata mai zuwa. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba, ban kuma yi niyyar farawa ranar ba. Na ce, "Maigida, ka yi mini izini in ƙarasa da ƙafa."

"Da ƙafa? Da wagga rana?"

"Na san hanya. Nan na tashi."

Ya dubi hanyar gaba, ya dubi motar. Ba zai iya barin ta a daji ba, ni ma na san haka, ban nemi ya bar ta ba. Can baya muka hango wasu Fulani tafe da shanu, mata a kan takarkari da ƙorai. Ya fito ya tare su, ya gaisa da dattijonsu, ya ce ga iyalinsa amana zuwa Tibiri. Ya taya ni ɗaura yaron a baya, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini tsaraba.

"Ki gaishe da Inna," ya ce. "Ki ce mata..." Bai ƙarasa ba.

Na yi nisa kafin in ji ya tayar da motar. Ban waiwaya ba, don kada ya ga fuskata.

Fulanin sun kyauta mini. Wata mai tsohon zane ta ba ni nono, ta karɓi ƙunshina ta ɗora a kan takarkari, ta tambaye ni ko wannan jan abu mijina ne ya ƙera shi da kansa. Na bi bayan shanu, rairayi na ƙona mini tafin ƙafa ta cikin takalmin 'yan birni, har na cire shi na riƙe. Daga Tibiri na ƙarasa ni kaɗai. Rana ta sunkuya sa'ad da na ga rumbunan garinmu.

Inna tana zaune a bakin ɗaki, fuskarta wajen ƙofa. Na yi sallama. Ta amsa, ta karkata kai.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna."

"Auta? Ban ji mota ba. Yaran gari tun bara suke jiran mota."

"Ta tsaya a hanya, Inna. Ƙishirwa ta kama ta."

"Ashe ita ma tana da ciki. Miƙo mini shi. Miƙo mini ragon miji, wanda sai da ya tsufa ya zo gaida matarshi."

Na kwance shi na ɗora mata. Ta ce in juya ta wajen rana. Na kama kafaɗarta na juya ta yamma. Ta ɗaga shi har hancinsa ya kusa taɓa nata, ta buɗe idanun nan da suka yi fari, ta daɗe a haka. Yaron ya kai hannu ya kama leɓenta.

"Ina ganin inuwa," ta ce. "Ƙaton kai gare shi. Wannan kam ba namu ba ne."

Ta sauke shi a cinya, ta bi fuskarsa da yatsu, goshi, gira, kunne. Ni na durƙusa gefe ina kuka ba sauti, ina ganin ba za ta sani ba.

"Bar wannan," ta ce. "Share hancinki ki zo ki yi mini aiki. Baƙi ne ko ja?"

"Wankan tarwaɗa ne, Inna."

"Idon fa?"

"Manya. Irin na Baba."

Ta ɗora babban yatsanta a kan fatar idonsa. Sannan ta ce, "Ci gaba. Kada ki tsallake komi."

Na matso na zauna a ƙasa kusa da gwiwarta, na fara daga gashin kansa.