Shekarar da aka cire Baba daga gajiyayyu

Babanmu ya yi aikin masinja a ofishin hakimi a Ƙaraye har ya yi ritaya. Fanshon da ake ba shi kuwa, faɗarsa ma abin kunya ne. Shi ya sa kwamitin unguwa ya sa shi cikin waɗanda ake ba buhun masara kowace damina, wai tallafin gajiyayyu. Da buhun nan muke rufa asiri idan rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba.

Masarar ba ta da laifi, sunan ne ke ci wa Baba rai. Yana da wani taubashi a Falgore, tsoho mai baki kamar reza, suna haɗuwa ranar kasuwar Rogo. Da zarar tsohon ya ce, "Ina gajiya?" Baba ya amsa, "Ba gajiya," sai ya tafa hannu: "Kai, ji ƙarya! Mai cin buhun gajiyayyu ne zai ce ba gajiya?" 'Yan rumfa su kwashe da dariya. Har Baba ya koma amsa gaisuwar nan ciki-ciki, abin yana ba ni tausayi.

Da aka ƙara fansho mun yi murna ba kaɗan ba, Inna har waina ta toya. Ba a jima ba sai ga mai unguwa a zaure yana ta kame-kame. Wai fanshon Baba ya haye abin da aka ƙayyade, dole buhun ya koma hannun wani.

Yana fita Inna ta leƙo. "Malam, ƙarin nan ko rabin buhu zai saya? Me za mu ci da damina?" Gaskiyarta fa, ni ma raina ya ɓaci. Na juya, sai na ga Baba yana murmushi har kunne. Ya ce, "Wato yanzu ni ba gajiyayye ba ne? Ɗauko babur ranar kasuwa."

Ni na goya shi, ya sha babbar riga. Ya tsaya ƙerere a gaban taubashin nasa ya ce, "Gaishe ni."

"To, ina gajiya?"

"Babu gajiya! Je ka tambayi mai unguwa!" Wallahi har masu awon gyaɗa sai da suka waiwayo.

Amma dariya ba ta cika tukunya. Ruwan farko na sauka Baba ya ɗauki fartanya ya shuke fegin bayan gida da masara mai saurin nuna. Mun ɗan ji jiki kafin ta yi, sannan muka ci gasasshiya har muka ba maƙwabta.

Wata rana, tun kafin masarar ta yi, ana noman fegin Inna ta kai masa kunu, ta same shi ya jiƙe sharkaf, ya dogara da ƙotar fartanya. Ta ce, "Sannu Malam. Ina gajiya?"

Ya share gumi ya yi dariya. "Yau kam akwai ta. Amma wannan tawa ce."