Auta Mai Zana Ɗakunan da Aka Rushe

Auta ake ce mata a gida, ko da yake ta daɗe da girmar sunan. Tana shekara ta biyu a makarantar koyon zane, ɓangaren tsara cikin gida. Tun tana ƙarama, in ta shiga ɗakin mutane ba ta jin gaisuwar da ake mata sai ta gama sauya wa kujerunsu wuri a zuciyarta. A saman shagon babanta suke zaune, mai gyaran kujeru, inda warin gam da na sabon soso ke hawowa ta matakala kowace safiya.

Malamarsu ce ta ce kowa ya buɗe shafi a intanet ya riƙa ɗora aikinsa, don yanzu mai neman ma'aikaci waya yake fara dubawa. Auta ta buɗe. Ta riƙa ɗora irin abin da 'yan ajinsu ke ɗorawa: farin falo, doguwar kujera, tukunyar fure a lungu. Shiru kake ji.

"Mabiyanki nawa yau?" in ji yayarta, mai aiki a kantin magani, tana cire takalmi a bakin ƙofa. "Ni da Mama, sai wancan mai tallan agogo da ke bin kowa?"

"Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Ke dai ba ki da godiya. Da wayata da ta Mama nake danna miki alamar so, har yatsana ya kumbura."

Wata rana da yamma aka yi ruwa, aka ɗauke wuta, kwamfutarta ta mutu. Ta zauna bakin taga da fensir masu kala, hankalinta ya tafi ɗakin kakarta, a gidan da aka rushe aka ja titi ta kansa. Ta zana gadon ƙarfen nan mai kuka, da labulen da rana ta cinye gefe guda, da tsagaggen madubin da ke ba mutum fuska biyu. Ta zana rediyon da ke kan akwati, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri. Ta ɗauki hoton zanen ta ɗora, ta rubuta a ƙasa: "Ɗakin kakata. Yanzu motoci ke bi ta nan."

Washegari a motar haya wayarta ta hana ta sakat. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suna ta ba ta labarin nasu ɗakunan, wanda gobara ta ci, wanda aka sayar, wanda aka mayar shago. Wani direban babbar mota ya roƙe ta ta zana masa barandar da suke kwana da 'yan'uwansa lokacin zafi. Ta zana. Wani ya kawo nasa, ta zana. In tana aikin, sai ta ji kamar ta cire takalmi ta shiga, tana taɓa bango, tana jin sanyin siminti a tafin ƙafarta. Mama sai ta kira ta, ta sake kira, kafin ta dawo.

Malamar ta duba shafin. "Wannan ba aikin aji ba ne, kuma ina bin ki aiki biyu," ta ce. "Amma kada ki daina. Ki dai riƙa sa awo, a san mai tsara ɗaki ce ta yi."

Cikin masu rubuto mata har da wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ɗakin mahaifiyarta take so: shuɗin bango, keken ɗinki a ƙarƙashin taga, kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Da Auta ta tura mata zanen, sai matar ta bugo waya.

"'Yata, kin yi ƙoƙari, amma shuɗin ya yi kauri. Nata kamar an wanke shi an shanya."

Auta ta sake, ta kuma sakewa, har matar ta fara jan hanci a waya. Can ta ce tana da ɗaki a ƙuryar gidanta, ba kowa a ciki. Ko Auta za ta zo ta mayar mata da shi haka, da gaske?

Auta ba ta taɓa tsara ɗakin da mutum zai kwana a ciki ba. Ta sauka shago ta gaya wa babanta, yana tsaye da ƙusa a baki. Ya cire ƙusar, ya miƙa mata tef ɗin awonsa.

"Kujerar ni zan yi," ya ce. "Amma ki tambaye ta, da gangan za a gajarta ƙafar?"

Da gangan, in ji matar.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin ƙura da tsohon fenti. Matar ta riƙe bakin tef ɗin a jikin bango, Auta ta ja shi zuwa taga. Rana ta shigo ta kwanta a ƙasa, daidai inda keken ɗinkin zai zauna.

"Nan ne?" in ji Auta.

"Matsa kaɗan, 'yata. Mahaifiyata ba ta son rana a idonta."