Maruƙa Biyu da Na Mayar Ɗari

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Isufu makwancinsa a ƙauyenmu, kusa da Ollelewa. Allah Ya jiƙansa. Na ce bakwai, kuma bakwai ɗin ne, ban ƙara ko wata guda ba. Dole in faɗi haka, don duk wanda ya san ni a tashar Tanut ya san in na ce na ga zaki, to a nemi mage. Rediyo ake ce mini.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mai gari ba ne, ba malami ba. Amma duk kaka, in za a sa ranar sakin gonaki, wato ranar da makiyaya za su shigo da dabbobi su ci kara, shi ake zaunarwa a tsakiya. Manoma na cewa a jira a gama roron wake, makiyayan da suka gangaro daga Tenhiya na cewa shanu sun fara cin igiyarsu.

Yaya ba ya wa'azi. Labari ɗaya gare shi, kamar tsohon kaset. Wai yana saurayi aka zo aka ce masa shanu ɗari sun afka gonar babanmu. Ya sheƙa da gora, bai tsaya dubawa ba, ya karya hannun wani Bafillace mai suna Dembo. Da ya waiwaya, maruƙa biyu ne a bakin gona, ko tiya guda ba su ci ba. Hannun ya warke a karkace.

"Duk ranar da na ga Dembo yana tatsa da hannu guda, tuwo ba ya wuce mini," in ji shi. Dembon kuwa, wanda ya zama ardo, yana zaune kusa da shi, sai ya ɗaga hannun a gani. Daga nan jikin kowa ya yi sanyi, wannan ya rage kwana biyar, wancan ya ƙara uku, a shafa fatiha.

Yau babu Yaya, babu Dembo. Mutanen gari suka ce jini ba ya ƙarya, suka zaunar da ni a tabarmarsa. To, kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Har horo aka kai ni Tanut, kwana uku, wani mai kwat yana koya mana cewa shugaba na ƙwarai shi ne mai ba da labarin gaskiya daga zuciya. Muka ci shinkafa, aka ba mu takarda mai hatimi. Da Yaya na nan, na san zai juya ta gaba da baya ya tambaya ko tana hana saniya shiga gona.

Kuma da zai ce me game da waya? A da ni kaɗai ne Rediyo a garin. Yanzu kowane aljihu da gidan rediyonsa. Akuya ta leƙa gona da safe, kafin azahar ta zama raƙuma hamsin a Balbeji. An kashe mini kasuwa.

Makon jiya aka yi taron bana. Na miƙe na ɗauko labarin Yaya. Na fara lafiya lau, amma hali zanen dutse, sai na ji bakina yana cewa hannun ya karye wuri uku. Ardo Bello, ɗan Dembo, bai ɗaga murya ba.

"Rediyo, ni na yi wa babana wankan ƙarshe. Wuri ɗaya ne. Kuma wannan labarin, masu shi sun tafi. Kai ba ka da naka?"

Na ce ina da na ranar da na yi tsere da jimina. Ba wanda ya yi dariya. Aka watse ba a sa rana ba. Yanzu haka shanu na tsaye a burtali, wake na gona, samarin kowane ɓangare na shafa wa gora mai, jandarma kuma sai an gama suke isowa.

Alhali ina da nawa. Wannan "aka zo aka ce" da Yaya ke fara labarinsa da shi, ni ne. Ni na ga maruƙa biyu, na rugo gida, kafin in kai ƙofa sun zama ɗari, don kawai in ga idon mutane a kaina. Shekara arba'in Yaya yana tsiraita kansa a gaban jama'a, bai taɓa kama sunana ba. Nauyinsa ya ɗauka, ya bar mini nawa a ajiye, ko zan girma wata rana.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka saba jin gaskiya mai ciwo daga bakin mai ita, shi ya sa ba su sayen tawa. Asabar za a sake zama. Ga shi na faɗa muku, ku masu karatun jarida, don na san Bello ba ya karanta ta.

Jiya na gwada faɗa wa jakina, mu biyu a bayan rumbu. Na farko na ce biyu. Na biyu ma na ce biyu. A na uku, Yaya, sun zama huɗu.