Na Mayar Mata Da Kwanonta A Rufe

Matso kusa 'yar'uwa, ki ara mini kunnenki, kai ma ɗan'uwa kada ka wuce. Abin nan ya daɗe yana ci na a rai. Rubutun nawa sai an yi haƙuri, ban yi nisa a makaranta ba.

Ina sabuwar amarya maigidana ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ya kawo ni Kano, muka kama ciki da falo a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi walda yake yi. Ni kuwa 'yar zaman gida ce, in ba coci ko kasuwar Tarauni ba, ba na zuwa ko'ina, amma duk wanda ya shigo ɗakina sai surutuna ya gajiyar da shi. A coci na haɗu da wata baiwar Allah 'yar yankinmu, ta girme ni sosai, tana zaune a Unguwar Gano. Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta kirana sai da Amarya. Ita ta koya mini tsallaka titin Zariya ba tare da na cafki zanin mutane ba. Ita ta ɗinka mini ankon zumuntar mata na farko. In ta zo sai ta buɗe tukunyata ta ɗanɗana, ta ce wannan miyar kukar tawa a kai ta asibiti, jini ya yi mata kaɗan.

Shekaru suka tafi babu haihuwa, dangin miji suna ta jifa na da magana. Da muka je asibiti, likita ya ce ni lafiyata ƙalau, matsalar daga wajen maigidan take. Muka hau adaidaita sahu muka koma gida, muna shiga ɗaki ya riƙe hannuna ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na yi masa alkawari. Amma abin ya yi mini nauyi, kuma bakin nan nawa ba ya ajiya. Na je na zazzage wa Yaya komai, muka sha kukanmu tare.

A taron zumunta akwai lokacin da kowace mace take kawo buƙatarta a yi addu'a a kai. Wata rana sai na ga Yaya ta miƙe. Ba ta kama suna ba, ta dai ce a sa wata ƙanwarta cikin addu'a, ita da mijinta mai walda, Ubangiji ya taɓa jikin mijin ya ba su 'ya'ya. To mai walda ɗaya ne tak a cocinmu. Mata suka amsa da amin mai ƙarfi, ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ranar Lahadi wani dattijo ya ja maigidana gefe yana yi masa kwatancen wani mai maganin gargajiya. Tun daga ranar bai sake taka coci ba. Bai dake ni ba, bai kore ni ba, hira kawai ya daina da ni. Har yau muna ɗaki ɗaya, amma daga gaisuwa sai ga abinci.

Yaya ta zo har gida. Mace babba kamarta ta durƙusa a tsakar gidan haya, mutane suna kallo, tana cewa wallahi alheri ta yi nufi, in yafe mata don Yesu. Na saki labule na tura ƙofa. Matar fasto ta zo ta ba ni baki, na ce mata na ji, amma ban ji ba. Duk ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa a coci, da fasto ya ce mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je su shirya tukuna, sai in sulale waje kamar zan zaga. In ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin da ake cewa ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in riƙa motsa leɓe kawai, don ina jin tsoron in roƙi Allah ya yi mini irin yadda nake yi.

Kun san al'adarmu ta Kirsimeti, a dafa shinkafa da kaza a raba wa 'yan'uwa da maƙwabta, su ma maƙwabtanmu Musulmi su kawo mana nasu da Sallah. Kowace shekara sai Yaya ta aiko 'yarta da kwano, an ɗaure shi da sabon ɗankwali. Ni kuma ko kwance ɗaurin ba na yi, sai in ce ta mayar. Wata shekara wata Hajiya da muke gida ɗaya tana tsintar shinkafa ta gani, ta ce mini ke 'yar nan, ko maƙiyi ba a mayar masa da abinci. Ta ce kullum ina wanki ina rera mata waƙar gafara har ina hana ta barcin rana, ashe waƙar a maƙogwaro ta tsaya. Na yi dariyar yaƙe na shige ɗaki.

Sai wata Kirsimeti kwano bai zo ba. Na ce wa kaina na huta, amma na wuni ina leƙen ƙofa. Daga baya na ji hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye, kanta kuma ya fara ruɗewa. Na faɗa wa maigidana da wata irin murya, kamar in ce alhakinsa ne ya kama ta. Ya dube ni ya ce ai ba hannun Yaya ya riƙe ta yi masa alkawari ba. Ya tashi ya tafi wurin aiki. Na zauna a bakin gado. Ashe duk shekarun nan na ƙi yafe mata ne don in na sauke mata laifin, babu sauran wanda zan ɗora wa sai kaina.

Na tari adaidaita zuwa Unguwar Gano. Na same ta a kan tabarma an jingina ta da bango. Ta yi mini murmushi da rabin baki, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa. Na durƙusa na ce na yafe mata, ita ma ta yafe mini. Ta ce Allah sarki, me ta yi mini? Da ta ji daga Gyaɗi-Gyaɗi nake, sai ta kama hannuna ta ce ko na san wata Amarya a can, ƙanwarta ce, tana fushi da ita, don Allah in taya ta ba ta haƙuri. Na ce ai ni ce Amaryar. Ta yi dariya ta ce in daina yi mata tsiya, Amaryarta yarinya ce shar, ina ita ina furfura.

Ina zuwa har yanzu. Duk zuwa sai ta ba ni saƙon nan, duk zuwa sai in ce Amarya ta huce, ta yi murna, kafin in sa takalmi ta manta ta koma jira. 'Yarta ta ce likita bai ba su wani fata ba. Fasto ya ce Allah ya ga zuciyata, na kuma yarda, amma ita ba ta gani ba. Za ta tafi tana zaton ina riƙe da ita.

Na ɗauka gafara kayana ce, in ajiye har ranar da na ga dama in bayar. Ban san mai karɓar ma ba ya dawwama a wurin ba. Saboda haka in akwai wanda ya taɓa durƙusa miki kika tura ƙofa, kada ki jira ki huce, ki je da fushin naki haka nan ki buɗe baki. Ke da kike cewa sai kin shirya, wa ya ba ki tabbacin ranar zai gane fuskarki?